Wayar da Ba Tagulla a Ciki

"Juya kaɗan, Oga Celestine. Kaɗan dai. Tsaya nan!"

Barakat ta kafa wa allon na'urar ido. Lambar ta hau, ta ɗan tsaya, ta sake gangarowa. Celestine ya janye yatsunsa ya share gumi da bayan hannu. Tun hantsi suke cikin ɗan shagonsa na Sabon Gari, ga shi har azahar ta kusa.

Abin da suke wahala a kansa bai kai farcen babban yatsa ba. Guntun lu'ulu'u ne da Barakat ta shekara biyu tana zana masa hanyar haske a kwamfuta, aikin digirinta na biyu. Hanyar ta fi gashin kai siranta. Haske yana iya shiga cikinta a tsaye, yana iya shiga a kwance, amma wutar lantarki ba ta juya shi yadda ake so sai ya shiga a tsaye cak. In ya karkata ko yaya, an yi aikin banza. Guda uku aka ƙera mata a ƙasar waje, biyu sun lalace a wurin gwaji. Ta zaga gari ba ta sami mai hannun da zai murɗa wayar gilashi ta zauna daidai bakin hanyar ba sai Celestine, wanda ya shekara goma sha biyar yana haɗa wa unguwar wayoyin intanet.

"Idona ya gaji," in ji shi. "Akwai akwatin waya a kan kwana da kamfani suka ce in duba. Minti goma, in dawo mu ƙarasa."

Ya ɗauki almakashin aikinsa ya fita. Rigar kamfani tana rataye a ƙusa, ya bar ta saboda zafi.

Ba a yi minti goman ba ta ji ihun.

"Ɓarawo! Ga shi nan, ɓarawon waya!"

Sati uku ke nan layin ba wuta, tun da aka kwashe wayoyin taransifoma. Kowa a wuya yake. Ko takalmi Barakat ba ta tsaya sawa ba. Tana isa kwanar ta tarar da mutane sun fi talatin, Celestine yana ƙasa ya dunƙule, ya rufe kansa da hannuwa. Ana shuri, ana jifa. An finciko wayoyin akwatin an watsar a kwata. Wani dogo mai shaƙaƙƙiyar murya ya ɗaga katako mai ƙusa ya sauke masa a hannun dama. Ta ji ƙarar ƙashi daga inda take.

"Da idona na gan shi yana yanka!" dogon yake cewa. "A kawo taya!"

Ta kutsa, gwiwar wani ta fasa mata leɓe, ta faɗa kan Celestine ta rufe shi da jikinta. Dutse ya same ta a kafaɗa. Ta lalubo guntuwar waya daga ƙasa, ta ɓare ta da haƙori, ta ɗaga sama.

"Ku duba! Gilashi ne! Ina tagullar da zai sata? Ma'aikaci ne, ku ji tsoron Allah!"

"Tare suke!" wani ya ce daga baya. "A duba shagon!"

Rabin taron ya juya da gudu. Dogon ya sake ɗaga katakon, sai wata sanda ta tare shi. Alhaji Abdulhafiz ne, dattijon da ke jan salla a masallacin layin.

"Sauke. Na ce sauke! Wannan 'yar Alhaji Kazeem ce na Kasuwar Singa, a gabana aka yi sunanta a Fagge. Shi kuma wannan, wa ya saka mana waya a makarantar Islamiyya? Duk wanda zai sake dukan su, ya fara da ni."

Aka yi cirko-cirko. Wanda ya taho da taya ya sake ta, ta gangara ta faɗi. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa sulalewa, kowa yana kallon wani wuri.

Kafin a sami adaidaita sahu, Barakat ta leƙa shagon. An kifar da teburi, an take na'urar. Ta durƙusa ta tsinci lu'ulu'un a gindin ƙofa, ya rabu uku. Ta ƙulle shi a gefen mayafinta, ta ɗauko wayar salular Celestine da ke ƙasa, ta fito.

A asibiti likita ya ce yatsu uku sun karye, ɗaya sai an yi aiki, kuma ba zai yi alkawarin zai sake lanƙwasuwa ba. Bayan la'asar Celestine ya buɗe idon da bai kumbura ba.

"Malama Barakat, abin naki?"

"Ya fashe."

Ya ɗaga ido ya dubi silin. "Saura kaɗan ya zauna. Na ji shi a yatsana."

Wayarsa ta yi ƙara a cinyarta, lamba ce ba suna. Ya yi mata alama da kai, ta ɗauka.

"Salamu alaikum. Injiniya ne? Kamfani suka ba ni lambar nan. Ni ne mai shagon cirar kuɗi na kan kwana. Tun azahar sabis ya ɗauke mana, mutane sun cika mini shago. Don Allah yaushe zai zo?"

Shaƙaƙƙiyar muryar ce. Yanzu ta yi laushi, har da ladabi.

Barakat ta dubi hannun da aka naɗe da bandeji har gwiwa, jini ya ɗan ɓullo ta saman yatsun.

"Wa ke magana?" Celestine ya tambaya.

Ta kara masa wayar a kunne, ta riƙe masa.