Ɗayan da ya zama bakwai

A shekarar da fari ya cinye gero tun daga Dakusa har Mirriya, aka tura Kyari direban kamyo, wato babbar motar kaya, daga Damagaram zuwa Kano ya ɗauko dawar agaji da jirgin ƙasa ya kawo. Kyari bai taɓa ganin jirgi ba. Abin da ya riƙe kawai takarda ce da wani ma'aikacin ofis ya rubuta masa lamba a kai.

A tasha ya miƙa wa akawu takardar. Akawu ya duba, ya yamutsa fuska.

"Bakwai, bakwai, sifili, huɗu? Malam, ba mu da kan jirgi mai wannan lamba."

Kyari ya fita ya bi layin dogo yana karanta lambobin da ke jikin kawunan jirage, yana neman wadda ya ji akawu ya faɗa. Ga 1406, kusa da shi 1722, can kuma 1403. Shi a saninsa ƙirga a jere take tafiya. To ina sauran ɗaruruwan da ke tsakani suka shiga? Ya je ya dawo har sau uku, kansa ya ɗaure, ga mutane can gida suna tona gidan tururuwa neman hatsi.

Wani dattijo mai gyaran inji, Yakubu, ya gan shi yana ta kai da kawowa.

"Ɗan'uwa, me ya ɓace maka?"

Kyari ya nuna masa takardar.

"Lambar kan jirgi ba a jere take ba," in ji Yakubu. "Biyun farko irinsa ne, kamar a ce sunan gidansu. Biyun ƙarshe shi ne matsayinsa cikin 'yan'uwansa. Kuma gidan saba'in da bakwai babu shi a nan."

"To ƙarya aka rubuta mini ke nan, baba?"

Yakubu ya ƙara kusanto da takardar. Sai ya yi dariya. Bakwai na biyu an ja masa layi a tsakiya, na farko kuwa babu.

"Ku rainon Faransa ɗayanku da dogon baki kuke rubuta shi, bakwai kuma ku ja masa layi; na farkon nan ɗaya ne. 1704 ne."

Kyari ya ji sanyi a ransa, ya ce a nuna masa jirgin.

"Ai ya tafi Nguru tun jiya."

"Da dawar?"

"Kan ne ya tafi. Taragun da ya jawo suna bayan sito."

Yadda jirgi zai tafi ya bar jikinsa, Kyari bai gane ba, bai kuma sake tambaya ba. Ya tarar da buhunan, aka yi masa lodi, kafin la'asar ya kama hanyar Daura.