Kwalba a Kan Turmi

Tarin ba ya zuwa sai rana ta take, lokacin da kaji ke neman inuwar rumbu. Barira tana wanke ƙwaryar nono sai ta ji shi daga ɗakin da ke kusa da zaure: sau biyu a jere, a ɗan yi shiru, sannan na ukun mai kama da ana jan buhu a ƙasa. Ɗakin kuwa wata bakwai ke nan da kwaɗo a ƙofarsa. Mai tarin yana maƙabartar Madachi.

Ɗanta ne na fari. Shekara talatin da huɗu ya yi a duniya, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Haka ta tarar ana yi a gidansu, Fulanin da suka ajiye sanda suka kama fartanya amma ba su ajiye kunya ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, balle a ga ta damu da ciwonsa. "Wancan yaron" take cewa, har ya yi gemu ya haifi 'ya.

To, da tari ya kama shi farkon damina, ya za ta yi? Ta tare shi ta ce tashi mu je asibiti? Tabɗi! Ai sai matan unguwa su shekara suna tafa hannu. Matarsa Ramlatu ta yi masa magana, ya ce sanyi ne kawai, a bari a gama noma.

Sai Barira ta samo tata dabarar. Ranar kasuwar Kibiya, in ta sayar da nono, sai ta biya wajen Dalhatu mai kemis ta ce a ba ta maganin tari mai ƙarfi, na wani ne. Lokacin 'yan Hisba sun sa ido a kan irin kwalaben nan saboda samarin da ke sha don maye, shi ya sa daga ƙarƙashin tebur yake zaro mata, a naɗe cikin baƙar leda. In ta dawo ta ɗora a kan turmin da ke kife a ƙofar ɗakin ɗan, ta wuce kamar ba ita ba. Bayan kwanaki ta tarar da kwalbar a wurin, an shanye, an wanke ta tas. Iyakar hirar da suka taɓa yi ke nan, ita da ɗanta.

Maganin kuwa yana aiki, wallahi yana yi. Tari ya kwanta, gida ya yi tsit, ɗan nata barci yake har a gona. Barira ta ji daɗi har cikin ranta. Ba ta ga ramar da yake yi ba, don ba ta kallonsa.

Ranar da ake yankan dawa ya yi aman jini a kan kara, aka kwashe shi zuwa asibiti a Rano. Likita ya ce tarin fuka ne, kuma ana warkewa da an zo da wuri. Ruwan kwalbar nan bakin ciwon kawai ya toshe, ciwo kuwa yana ta cin sa ta ciki. Kwana tara ya yi. Ko ranar jana'iza Barira ba ta yi hawaye a gaban mutane ba. Har yabon ta aka yi, ka ji fa.

Ramlatu ta gama takaba ta koma gidansu a Saji, ta bar wa Barira jikarta Huseina, 'yar shekara shida. Ba wanda Barira ta gaya wa abin da take ji. Wa za ta gaya wa, ta ce tarin wa?

Wata Laraba da azahar tarin ya zo kamar kullum, biyu, shiru, sannan na uku. Sai wani ya amsa masa, siriri, daga gindin darbejiya inda Huseina ke wasan 'yar tsana. Barira ta juya ta dubi yarinyar.

"Ke 'yar nan, yaushe kika fara?"

"Da daɗewa, Kaka. A zane nake yi don kar ki ji."

Akwai kwalba ɗaya da ta rage cikin kwalla, ta ƙarshe, wadda ba a kai ga ɗora ta a turmi ba. Barira ta ɗauko, ta cika cokali, yarinyar ta buɗe baki. A lokacin tarin ɗakin ya sake tashi, bai taɓa maimaitawa a rana ɗaya ba, kuma wannan karon bai tsaya a na uku ba. Ta janye hannunta, maganin ya zube a ƙasa. Ta yar da cokalin, ta goya yarinyar duk girmanta, ta fita bakin hanya neman ɗan acaɓa.

A asibitin Rano malamar da ke rubuta kati ta saurari ƙirjin Huseina, ta ce za a gwada majinarta, in ma tarin fuka ne an zo da wuri. Sannan ta tambaya, "Baba, akwai wanda ya yi irin tarin nan a gidanku?"

"Ubanta."

"Nan aka kawo shi? Faɗa mini sunansa in nemo katinsa."

Barira ta dubi Huseina ko za ta faɗa, amma yarinyar ta yi barci a cinyarta. Mutane cike da benci, kowa na jira. Kunya ta kama ta, amma tsoro ya fi kunyar.

"Badamasi," ta ce.

"Ban ji ba, Baba."

"Badamasi! Ɗana ne. Ni na haife shi."

Malamar ta rubuta ta wuce, ba ta san me ya faru ba. Gwaji ya nuna tarin fukan ne, aka ba su ƙwayoyin magani suka koma gida.

Washegari da rana ta take, Barira ta ba Huseina ƙwayoyinta, ta je ta zauna a kan turmin, ta jingina da ƙofar mai kwaɗo. Ta jira har inuwa ta juya. A hankali ta kira sunan, sau ɗaya, ta kasa kunne. Ko tarin ma da ya amsa mata da shi, da ta gode. Ɗakin bai ce komai ba.