Jinin Surayya

Shekara goma muna gardama ɗaya da yayana, Hamma Rilwanu, a shagonsa na kayan keke a Jimeta. Ni malamin kimiyyar halittu ne, shi kuwa a ganinsa gwamnati na biyana ne don in zagi kakanninmu. Da na ce ƙwayar halitta kan sauya da kanta, daga nan bambanci ke fitowa tsakanin mutane da tsakanin dabbobi, sai ya nuna ni ga masu saye.

"Ga Muhsin, ɗan'uwan biri. Ku gaishe shi."

Raina yana ɓaci, amma washegari sai in koma. Taurin kai a gidanmu gado ne.

Ranar wata Talata da hantsi ya kira ni gidansa a unguwar Ajiya. 'Yarsa Surayya, mai shekara goma sha ɗaya, ta daɗe tana fama da ciwon ƙashi, sai yanzu aka gwada jininta. Ya miƙo mini takardu uku. Tasa AA, ta matarsa Adda Hansai AA, ta Surayya SS, wato sikila.

Na sake karantawa har sau uku.

"An yi kuskure," na ce.

"Wuri biyu muka gwada." Ya matso kusa da ni. "Muhsin, abin nan naka, sauyin nan da kake faɗi. Ai shi ne, ko? Jinin yarinyan ya canza da kansa."

Ban taɓa zaton zan ji wannan daga bakinsa ba, kuma wallahi ban ji daɗin nasarar ba ko kaɗan.

"Hamma, sikila sai an gado ta uwa da uba duka. Sauyi biyu a wuri ɗaya, a yaro ɗaya..."

"Kai ka ce kifi ya zama mutum! Wannan ɗan ƙaramin ne zai gagara?"

Ya juya ya kalli matarsa, irin kallon da ya sa na miƙe na tsaya tsakaninsu.

Adda Hansai ba ta yi kuka ba. Ta rufe ƙofar ɗakin da Surayya ke kwance, ta zauna a ƙasa.

Duk mun san ta tafi gidansu a Mubi haihuwa, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Mun san 'yan bindiga sun shiga garin kafin suna, kuma bayan sati uku Hamma ya same ta a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi da jaririya a baya. Bai taɓa ganin 'yar ba kafin ranar.

"Tamu ya rasu a hanya, kwana na huɗu," ta ce. "Wannan a gindin bishiya na same shi, uwan ya mutu. Ina da nono, shi ba shi da kowa. Da ka zo ka ɗauke shi kana dariya, na kasa faɗa."

Na jingina da bango. Daga ɗaki Surayya ta kira, "Baba, ƙafana!"

"Ina zuwa, Mamana," Hamma ya amsa da ƙarfi, har ya kama hanyar ƙofa. Sai ya tsaya, ya rage murya.

"Hansai, ita ɗayan, a ina kika binne ta?"