Ragunan da Suka Ci Dusar Mas'uda

Layya ta matso, Zangon Kwatano ya cika da kukan raguna. Manyan motocin da 'yan gari ke kira kamiyo suna ta sauke dabbobi daga arewa a filin da ke kusa da layin dogo, 'yan zem, wato 'yan acaɓa, masu rawayar riga suna kurɗawa tsakanin mutane da raguna ɗaure a bayan babur. A bakin filin nan Mas'uda take da rumfar sayar da dusa. Wurin uwarta ne ta gada, kuma tun da mijinta ya rasu, cinikin waɗannan makonni shi ke riƙe gidanta har wata Layyar ta zagayo.

Fataken dabbobi suna da al'ada da ko yaron goye a Zango ya sani. Ragon da ya sauko daga mota da ƙafarsa, harawa ake zuba masa. Wanda hanya ta galabaitar, aka sauko da shi a hannu yana haki, shi ake warewa gefe a jiƙa masa dusa da kanwa da ɗan gishiri ko zai farfaɗo. Dusar Mas'uda kuwa ta yi suna wajen tayar da kwantacce, don haka duk mai ragon da ya langaɓe rumfarta yake nufa.

Bana sai Alhaji Labaran, wani babban falke da ya daɗe yana ciniki da ita, ya yi asara. Ya yi lodin da ya wuce kima, aka kuma sha ruwan sama a hanya, raguna da dama suka iso a kwance. Aka ba su dusa kamar kullum. Wasu suka tashi, wasu suka mutu. Kafin azahar magana ta gama filin cewa duk ragon da ya mutu, dusar Mas'uda ya ci.

Da ƙanwarta Nimatou ta kawo mata labarin, Mas'uda ba ta yi saurin rantsuwa ba. Damina ce, iskar teku kuma ba ta barin komai ya bushe a garin nan, dusa tana iya yin fumfuna. Ta kwance buhunan ɗaya bayan ɗaya, ta tura hannu har gwiwa, ta shinshina, ta ɗanɗana. Garau suke, ko warin danshi babu. Sai a lokacin ranta ya ɓaci, ya kuwa ɓaci ƙwarai.

Bayan la'asar aka kira ta gaban Alhaji Abdulƙahar, shugaban 'yan filin, dattijon da ba ya son hayaniya ko kaɗan. Fatake sun cika rumfarsa, kowa da sanda a hammata. Mas'uda ta durƙusa ta gaishe shi, aka ba Alhaji Labaran izinin magana.

"Ranka ya daɗe, ni ba mai dogon zance ba ne," in ji shi. "Waɗanda suka ci harawa ga su can a tsaye. Waɗanda suka mutu, babu ɗaya da bai ci dusar matar nan ba. Wala, shi ke nan, magana ta ƙare."

Rumfa ta ɗauki "haka ne, haka ne".

Mas'uda ta gyara mayafinta. "Baba, ina da tambaya ɗaya ga Alhaji. Waɗanda aka ba dusar, da ƙafarsu suka sauko daga kamiyo?"

"A hannu aka sauko da su," in ji Alhaji Labaran. "Ai shi ya sa muka ba su."

"To, Alhaji, ashe tun kafin su ga dusata suna bakin mutuwa. Ku da kanku kuke tsince marasa lafiya ku kawo min. Mai lafiya ba ya zuwa rumfata. Yaya za a yi wanda ya mutu ya zama bai ci dusata ba? Ko mutum ne yake gargara, ai ruwa ake ɗiga masa a cokali. In ya cika, cokalin ne ya kashe shi?"

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Subhanallahi! Yanzu mutum take haɗawa da rago?"

Shi ke nan, aka bar maganar dusa aka koma kan cokali. Wannan ya ce rashin kunya ce, wancan ya ce matan Kwatano bakinsu ya fi reza. Mas'uda tana durƙushe tana ji, kamar ta kurma ihu. Ta jefa musu tambaya mai sauƙi, sun tsallake ta sun kama wutsiyar misali suna ja.

Da aka lafa ta sake gwadawa. "Baba, waɗanda suka ci dusar suka miƙe fa? Ai sun fi waɗanda suka mutu yawa."

"Waɗannan da sauran kwanansu," in ji Alhaji Labaran. "Allah ne ya tashe su."

"Na yarda Allah ne. Amma wanda ya tashi a ce Allah, wanda ya mutu a ce Mas'uda?"

"Kada ki sa saɓo a ciki, Hajiya," in ji wani tsoho. "Kuma ruwa ba ya tsami banza. Duk mutanen nan ba za su taru a kan ƙarya ba."

Duk mutanen nan kuwa daga baki ɗaya suka ji labarin, bakin yana nan zaune kusa da shugaba yana jan carbi. Mas'uda ta so ta faɗi haka, ta ga idan ta faɗa za a ce ta zagi manya. Sai ta ce gani ya kori ji. Ta aiki Nimatou gida ta jawo ragon da take kiwo don Layyarta, aka jiƙa dusa daga buhun da Alhaji Labaran ya nuna da sandarsa. Ragon ya cinye tas, ya lashe kwano, ya ɗaga kai yana neman ƙari.

Mas'uda ta yi ajiyar zuciya, a zatonta an gama.

"Bon," in ji Alhaji Labaran da guntun Faransancinsa, "wannan ai ragon gida ne. Ya saba da ita tun yana ƙarami."

"To a kawo naka mai lafiya a ba shi."

"In ba lafiyayyen ragona abin da ya kashe 'yan'uwansa? Hauka nake?"

Aka yi dariya, har da masu tafawa. Mas'uda ta dubi fuskokinsu ta rasa ta inda za ta ɓullo. Nata ragon ba shaida ba ne don ya saba, nasu kuma ba za a gwada ba don an riga an yanke cewa guba ce. Kowace ƙofa ta nufa, sai ta tarar an toshe ta da abin da ake gardama a kansa.

Alhaji Abdulƙahar ya yi gyaran murya. Ba mugun mutum ba ne, amma fatake su ke cika masa fili, mai dusa kuwa ɗaya ce. "'Yata, ban ce kin yi laifi ba," in ji shi. "Amma hankalin baƙi ya tashi. Ki ɗan janye daga filin har a wuce Sallah. Rigakafi ya fi magani."

Har a wuce Sallah! Bayan Sallah wa zai sayi dusa, raguna duk suna cikin tukunya? Ta buɗe baki, ta ga dattijon ya riga ya ɗauki butarsa.

Zem ne ya yi ta jigilar buhunan zuwa gida, aka jibge su a zaure. Nimatou tana share wuri tana zage-zage. "Yaya, ai duk mutanen arewan nan haka suke, ba su da amana."

"Ke ma kin fara?" Mas'uda ta daka mata tsawa. "Mutum ɗaya ya cuce ni, kin kwashe arewa gaba ɗaya kin zuba a buhu. Kakanmu daga ina ya zo? Abin da aka yi min ke nan ɗazu, ke kuma kina yi wa wasu."

Nimatou ta ci gaba da shara tana tura baki.

A filin kuwa kamiyo bai daina zuwa ba, raguna ba su daina isowa a kwance ba, kuma ba su daina mutuwa ba. Mas'uda ta yi tsammanin wannan zai wanke ta, tunda yanzu babu dusarta a wurin. Ina! Sai aka ce ƙasar filin ce ta riga ta sha gubar. Da ta ji haka ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

Ana jajiberin Sallah da hantsi, tana zaune a zaure tana kallon buhunan da ba ta sayar ba, sai ta ji babur ya tsaya ta ƙofar baya, wajen kwata. Ta leƙa. Alhaji Labaran ne, ya ja rawani ya rufe rabin fuska. A bayan zem an ɗaure wani farin rago, ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho, kansa na lilo, yana haki.

"Hajiya, barka da hantsi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wannan shi ne babban ragona, wani mutumin unguwar Akpakpa ya riga ya yi cinikinsa. Tun jiya ya ƙi tashi. Ki taimaka da ɗan kwano ɗaya, da kanwar nan taki."

Mas'uda ta dube shi. "Gubar, Alhaji?"

"Haba Hajiya, a bar tone-tone. Ranar nan zafin asara ne."

"Wa ya san ka zo nan?"

"Babu kowa. Kuma ba mai ji."

"To ka gani. In ya tashi, ba mai jin cewa dusata ya ci. In ya mutu, kafin azahar Zango duk ta ji." Ta dubi ragon, tausayinsa ya kama ta, don dabba ba ta yi mata komai ba. "Zan ba shi, ko sisi ba na so. Amma ba a bakin kwata ba. Mu tafi filin, a gaban rumfar Baba Abdulƙahar, ka jiƙa da hannunka ka ba shi kowa na gani. In ya tashi a gani, in ya mutu a gani."

Ta shiga ta cika kwano, ta ɗora kanwa a kai, ta fito tana gyara mayafi.

Alhaji Labaran ya dubi kwanon, ya dubi ragonsa, ya dubi hanyar da ta nufi filin, inda ake jiyo hayaniyar fatake. Sannan ya ja rawaninsa sama, ya hau bayan babur ya dafa kafaɗar ɗan zem.

"Mu je," ya ce wa ɗan zem, bai ko sake kallon kwanon ba.

Mas'uda ta tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu, tana kallon kan ragon yana lilo har suka sha kwana.