Karsanar Habbanaye

Ranar da aka karrama Keziya a garinsu Korgom, an jera kujerun roba a gaban ofishin magajin gari, jama'a sun cika. Ita kuwa idonta yana kan mutum ɗaya, babanta Yowel, wanda ya zauna can baya ya juya gefe kamar an kawo shi dole.

Keziya malamar shari'a ce a jami'a a Maraɗi. Ta yi shekaru tana shiga gidajen kaso tana bin diddigin abin da ya sa, da an yi ɓarna a gona ko akuya ta ɓace, Bafillace ake fara kamawa. Bincikenta ya fitar da mutane da dama da aka tsare ba shaida. Kowa ya yaba, ban da Yowel. Shanu sun taɓa cinye masa gero ana gab da girbi, tun daga nan bai ƙara sakin fuska ga mai sanda a kafaɗa ba. Yakan ce ya sa ɗiyarsa lakwal ta yi boko, ta dawo lauyar masu cinye shi. Maganar tana ci wa Keziya rai, don ba yabon da take so kamar nasa.

Aka yi jawabai, aka miƙa mata takardar yabo, aka tafa. Sai Altine, wani dattijon Fulani da aka sako ɗansa ta dalilinta, ya taso janye da jar karsana.

"Malama, wagga habbanaye ce," in ji shi. "Ki riƙe ta ta haihu, 'ya'yan naki ne, sannan uwar ta komo gida. Ba mu ba da ita sai ga ɗan'uwa."

Ɗaki biyu Keziya take haya a birni, ko kaza ba ta da inda za ta ɗaure. Mayar da karsanar kuwa cin fuska ne a bainar jama'a. Gida ɗaya ta sani mai turke, na babanta, kuma duk gidan da ya riƙe habbanaye, mai dabbar zai riƙa zuwa ganinta, a shimfiɗa masa tabarma, a dama masa fura. Ta tsaya da igiya a hannu, ta kasa ɗaga ido.

Yowel ya miƙe a hankali. Ya zagaya karsanar, ya shafa doronta, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, sai ka ce a kasuwa yake.

"Ke da ba ki san riƙon igiya ba, mi za ki yi da saniya?" ya ce wa ɗiyarsa, ya karɓe igiyar.

Sannan ya dubi Altine.

"Gidana na bayan majami'a. In ka taho ganinta, kada ka tsaya waje."