Shafukan da Na Tsallake

Ƙanwata Mardiyya ta daina magana tun ranar da 'yan bindiga suka tare motar da mijinta Jafaru yake ciki a hanyar Shinkafi. Aka yi masa sutura, ita kuma ta shiga takaba a gidanmu na Ƙaura. Tana sallah, tana cin abinci in an tura mata kwano, amma ko 'yarta Barakatu ta ja mata zane, sai dai ta bi ta da ido.

Wannan fa ita ce Mardiyyar da ba a iya karatu kusa da ita. Duk hutun damina, da an rufe makarantar da muke koyarwa, sai mu baje tabarma a rumfa. Ni ina karantawa, ita tana faɗa da marubuci kamar yana zaune a gabanta.

Surukarta Hajiya Kulsumu ta zo daga Dauran, ta ja ni gefe.

"Hannatu, ba mugunta ta ba," in ji ta. "Ɗiya na koyon magana, uwa ba ta magana. In ta hita takaba haka, da jikata zan tahi."

Ban ga laifinta ba, amma na ji kamar in shaƙe ta. In aka ɗauke Barakatu, na san ƙanwata ta tafi ke nan.

Mun ba ta rubutu ta sha, mun kai ta asibiti. Likita ta ce a riƙa yi mata abin da take so a da. Sai na shiga zauren masu karatu na WhatsApp na roƙi sababbin littattafai, da sharaɗin babu mutuwa, babu bindiga. Wata 'yar zauren, Nadiya, ta turo na wani attajiri da ke canza mota a kowane babi. Da a da ne, da Mardiyya ta tambaya ko marubuciyar dillaliyar motoci ce. Yanzu ko gezau. Na karanta na girke-girke, na karanta na barkwanci ina ƙyalƙyala dariya ni kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya.

Sai wata 'yar zauren kuma, Zulaihat, ta kawo min labarin wani direba, Haidar, da matarsa mai ɗinki. Babu ƙarya a cikinsa, faɗansu ma irin na gidan kowa ne. A babi na biyu na ga Mardiyya ta juyo da fuskarta wajena.

Da na leƙa gaba ni kaɗai, sai na tarar Haidar ya mutu a hatsari. Na kira Zulaihat na wanke ta tas. To amma ya zan yi? Shi kaɗai ne littafin da ya motsa ta. Da muka iso wurin sai na haɗe shafukan na ce, "Haidar ya yi tafiya." A gidanmu ma haka muke. Ni da kaina na hana a ambaci sunan Jafaru a gabanta.

Ana saura kaɗan ta fita takaba Hajiya Kulsumu ta dawo, wai ta zo taya mu zama. Rannan da la'asar ana yayyafi, tana bakin ƙofa tana ninke 'yan rigunan Barakatu cikin jaka. Ina karatu ina kallonta. Wallahi na fidda rai.

"Yaya."

Na ɗauka kunnena ne. Muryar Mardiyya ce, ta dushe kamar ta mai mura.

"Yaya, ina Haidar yat tahi?"

"Tahiya ce kawai," na ce. "Zai dawo."

"Matar na rabon kayanshi. Ba a rabon kayan matahiyi. Koma baya."

Na koma. Na karanta yadda motar ta kife, da yadda wani manomi ya ɗora kan Haidar a cinyarsa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ina karatu ina kuka, ita ko idonta a bushe.

"Shi Jafaru hwa?" ta ce. "Ya samu wanda yar riƙa mai kai?"

Ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba, kuma na hana kowa faɗa.

Hajiya Kulsumu ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta taso ta zauna a kan tabarma, ta ɗora Barakatu a cinyar uwarta.

"Ya samu," in ji ta. "Wani Bahillace na, Sha'aibu sunanshi. Ya zo har gida ya hwaɗa min komi. Tun rannan nike neman wanda zan ba labarin ɗana, kowa sai shi ce in yi haƙuri."

Mardiyya ta rungume 'yarta.

"Inna, hwaɗa min," ta ce. "Kada ki tsallake komi."