Takardar da Orvil ya ƙi sa wa hannu

Takardar shafi ɗaya ce. Lauya Pruitt ta ajiye ta a teburin kicin, kusa da tukunyar iskar da Orvil Tuttle yake shaƙa, ta yi musu bayani shi da matarsa Verna. Ƙarar da suka kai kamfanin yankan dutse, inda ƙura ta cinye huhun Orvil cikin shekara talatin, ta faɗa hannun babban alƙalin tarayya. Shi kuwa shari'un masu laifi sun yi masa katutu, kuma doka ta ce su za a fara ji. Amma idan ɓangarorin biyu suka sa hannu a wannan takarda, majistare zai ji ƙarar, da masu taya shi yanke hukunci da komai, ranar tara ga Afrilu, ba ɗagawa. Lauyoyin kamfanin ma sun ce za su sa.

Verna ta san abin da mijinta yake so. So yake ya zauna a kotu ya faɗa da bakinsa yadda aka hana su abin rufe hanci, tun yana da numfashin faɗa. Ta miƙa masa biro.

Sai ga ƙanensa Harlan, wanda ya taɓa share harabar kotu na wata shida, tun daga nan ya zama masanin shari'a a dangi. Ya ce majistare ai alƙalin tarar mota ne, shugaban ƙasa bai ma san da zamansa ba. Ya ce kowa ya sani, duk abin da abokin gaba ya yi saurin yarda da shi, akwai ƙugiya a ciki.

"Wane ne kowa?" in ji Verna. "Kai da tsintsiyarka?"

"Matar yaya, ke dai ki ji da miya."

Orvil ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ture biron. "Shekara talatin ana tura ni wurin mataimaki, tsohuwa. Wannan karon mai kujerar nake so."

Lauyar ba ta matsa ba, don doka ta hana a tilasta wa kowa. Ta mayar da takardar cikin jaka.

Babban alƙali ya sa rana a Yuni, aka ɗaga saboda shari'ar masu safarar ƙwaya. Ya sa Nuwamba, wata shari'ar ta sake shiga gaba. Kafin nan Orvil ya daina hawa bene, an sauko masa da gado falo. Verna takan ƙirga kalmomin da yake iya jerawa kafin ya tsaya: da rani goma sha biyu ne, yanzu biyar. Wata safiya yana juya cokali a kofi bai sha ba, ya ce ta kira lauyar ta kawo takardar.

Ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi. Bayan mako guda Pruitt ta dawo, ta ƙi zama. Ta ce kamfanin ya fasa. A watan jiya ne aka miƙa musu rahoton likitan Orvil, kamar yadda ƙa'ida ta ce, kuma sun iya karatu: sun ga jira zai fi musu riba.

Verna ta ce to a gaya wa alƙali. Lauyar ta ce ba a gaya wa alƙali ɓangaren da ya ƙi sa hannu, don kada ya riƙe shi a zuci. An yi dokar ne don kare masu ƙaramin ƙarfi.

"Mu ke nan," in ji Verna.

"Ku ke nan."

Sabuwar ranar ita ce Satumban baɗi. Pruitt ta ce gara a ɗauki shaidarsa a bidiyo, ko da Allah zai yi ikonsa.

Ranar ɗauka Verna ta goge masa kwat ɗin zuwa coci, ta ɗaura masa lakatayi a wuya, ƙarƙashin robar iskar da ke hancinsa. Harlan bai zo ba, ya aiko da tuffa. Lauyan kamfanin, mutum mai ladabi, ya nemi izini kafin ya zauna a kujerar Verna. Orvil ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa, sannan ya waiwaya yana neman wanda zai kalla.

"Wa zan gaya wa?"

Mai ɗaukar hoton ya nuna masa ɗan jan haske a saman kyamara. Orvil ya dubi hasken, ya ja iska, ya fara da sunansa.